Amsa ga 'yar'uwar da aloberarta take ruɓewa

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, da na karanta tambayarki cewa ganyen aloberarki ya yi laushi, ya koma ruwan ɗorawa, yana zubewa daga gindi duk da kina ba ta ruwa kullum, sai na ji kamar labarina kike bayarwa. Ruwan nan na kullum shi ne yake kashe ta, domin shuka ce mai ajiye ruwanta a cikin ganye, saboda haka ki dakatar da shi tun yau.

Tukwane 7 gare ni a da, duk daga gindi ɗaya da mahaifiyata ta ba ni. A watan Agustan bara jinyarta ta kai ni Zariya na yi mako 3, na bar amanarsu a hannun matar da muke haya gida ɗaya, bayan na gaya mata baki da baki kada ta zuba musu ko ɗigon ruwa, ta dai janye su ƙarƙashin rumfa idan hadari ya taso. Da na dawo sai na tarar ta jera su a bakin indararo wai don su sha ruwan sama, ranar da ba a yi ruwa ba kuma ta juye musu ruwan wanke-wanke. Na kama babbar, uwar sauran, sai ta biyo hannuna babu jijiya ko ɗaya, gindin ya yi baƙi yana warin ruɓaɓɓiyar albasa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na yi magana, sai ta ce taimakona ta yi, kuma wai a kan ciyawa nake ɓata fuska. Biyar suka mutu, kuma har yau ba ta ba ni haƙuri ba. Muna gaisawa saboda haƙƙin maƙwabtaka, amma ko tsintsiya ba na sake bar mata ajiya.

Biyun da suka rage na ceto su ne ta hanyar da nake so ki bi. Ki zare aloberarki daga tukunya, ki karkaɗe jiƙaƙƙiyar ƙasar, ki yanke duk inda ya yi baƙi da wuƙa mai tsabta, sannan ki ajiye ta a inuwa kwana 3 har bakin yankan ya bushe. Kada ki mayar da ita cikin baƙar ƙasar nan mai taki da masu sayar da furanni ke cika leda da ita, domin riƙe ruwa take yi. Ki haɗa yashi mai tsakuwa da ƙasa kaɗan da ɓarɓashin gawayi, a tukunyar ƙasa mai huda a gindi, wadda ta fi ta roba saurin bushewa, kuma ki yi mako guda cur kafin ki ba ta ruwan farko.

Daga nan kada ki sake ba ta ruwa sai kin tura yatsa kin ji ƙasar ta bushe ƙamas, wanda a wurina yakan kai mako 2 a lokacin rani, da damina kuwa kusan ba na ba su. Ki zuba a ƙasa, ba a tsakiyar ganyen ba. Idan zafin bazara ya sa ta yi jaja-jaja, rana ce ta yi mata yawa, ki matsar da ita inda hantsi kawai zai same ta. Alamar ƙishinta ita ce ganyen ya yi siriri ya lanƙwashe.

Idan kuwa kin ga ruɓar ta cinye tsakiyar, kada ki wahalar da kanki da dasa ganye, na gwada ya ruɓe. Ki duba gefen gindin ko akwai 'ya'yan da suka tsiro da jijiyarsu, su za ki cire ki dasa. Idan babu, ki yi mini magana, ɗaya daga cikin nawa ta fitar da 'ya'ya 4 bana, zan ajiye miki biyu in Allah ya yarda.