Ƙibar mai ciki: me za a saya, me za a bari a kanti?

Tambayoyin wannan makon duk a kan sikeli suka taru. Wata na kukan ba ta ƙaru ba, wata na tsoron ta wuce kima, ga kuma maigida da ya rasa maganar wa zai bi. Na gajarta wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda aka roƙa.

Daga unguwar Zariya, Maraɗi: "Cikina na fari ne, wata biyar. Kafin ciki nauyina kilo 47, tsawona mita 1.60. A awon da na je na ƙarshe kilo 49 aka gani. Uwar mijina ta ce na rame kamar ba a ba ni abinci. Maigida ya ba ni jika goma in nemi abin gyara jiki. Wata ƙawata ta ce in sayi sha-ka-fashe ko sirop ɗin buɗe ciki, wata ta ce madarar gwangwani ta masu ciki. Wanne ya fi?"

Ƙanwata, bari mu fara da lissafi kafin mu taɓa kuɗin. Babu adadin kilo guda da ya dace da kowace mai ciki. Abin dubawa shi ne yadda jikinki yake kafin cikin ya shiga. Ma'aikatan lafiya suna raba nauyi da tsawo sau tsawo: 47 a raba da 1.60 sau 1.60, ya ba da 18.4. Duk wadda ta faɗo ƙasa da 18.5 ana lissafa ta cikin marasa ƙiba, kuma ƙa'idar da masana a Amurka suka fitar a 2009, wadda ake yawan aiki da ita, ta ce irinki ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18 daga farkon ciki zuwa haihuwa. Mai matsakaicin jiki, wadda lissafinta ya faɗa tsakanin 18.5 da 24.9, kilo 11.5 zuwa 16 ake so ta ƙara. Wata ukun farko ba a tsammanin abu mai yawa, rabin kilo zuwa kilo biyu, musamman in laulayi ya yi tsanani. Daga nan ne ya kamata allurar sikeli ta riƙa motsi, kusan rabin kilo kowane mako gare ki. Kilo biyu a wata biyar ya yi kaɗan. Hajiya uwar mijinki ba ta yi ƙarya ba, amma abin bai kai na tayar da hankali ba, akwai sauran wata huɗu a gaba.

Sha-ka-fashe kam kada ya shiga bakinki. Galibin ƙwayoyin da ake sayarwa da wannan suna dekisametazon ne, magani mai ƙarfi da likitoci ke bayarwa don wasu cututtuka, da awo, na ɗan lokaci. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne ke taruwa a jiki, kitse kuma ya tattaru a fuska da wuya da tumbi. Yana ɗaga sukarin jini, yana ɗaga tansiyo, wato hawan jini, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta. Waɗannan ukun su ne ainihin abin da ake gudu ga mai ciki. Sai kumatu su cika, mutanen gida su ce kin yi kyau, alhali ɗan da ke ciki bai samu komai ba. Sirop ɗin buɗe ciki kuwa asalinsa maganin ƙaiƙayi da mura ne, yunwa da barci da yake sa wa illarsa ce aka mai da abin talla. Shi ma ki bar wa mai tebur kayansa.

Madarar gwangwani ba ta da laifi, tsada gare ta. Abin da ke ciki madara ce da sukari da ɗan ƙarin ƙarfe da bitamin, kuma ƙarfen nan kina samunsa a ƙwayar ƙarin jini da ake ba ki wurin awo. Gwangwani ɗaya bai daɗewa, in ya ƙare sai an sake komawa ga maigida. Da ni ce ke riƙe da jika goman nan, kasuwa zan nufa: tiyar wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, busasshen kifi, ƙwai, in lokacin na zabi ne ma ya fi sauƙi. Zogale ba sai an sayo mana daga nesa ba, gefen Gulbi da Jiratawa suna cika kasuwa da shi. Kwaɗon zogale da ƙuli da ɗan man gujiya abinci ne na gaske, haka awara, haka fara in kina cinta, haka aya da ƙasarmu ta Maraɗi ke nomawa har a kai wasu ƙasashe. Furar da kike sha da rana ki dama ta da nono mai kauri, kada a tsinka ta da ruwa har ta zama farau-farau. Nonon dai ya kasance na madarar da aka tafasa kafin ta yi tsami.

Ƙarin da jiki ke nema ba shi da yawa kamar yadda ake zato. A wata ukun tsakiya kusan kalori (ma'aunin ƙarfin abinci) 340 ne a rana bisa abin da kika saba ci, wato kamar dafaffen ƙwai biyu da gujiya cikin tafin hannu. A wata ukun ƙarshe ya kai 450, sai ki ƙara kofin nono. Tun da kin fara da rama, ki ɗan wuce haka. In tuwo mai yawa ba ya shiga, ki raba ci sau biyar ko shida.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi komai: ki ware kuɗin kabu-kabu daga cikin jika goman, ki koma wurin awo ki gaya wa ungozoma a fili cewa nauyinki ba ya ƙaruwa. Sau da yawa ba kwano ne ke da laifi ba. Zazzaɓin cizon sauro na iya ɓoyewa a mabiyiya ba tare da jiki ya yi zafi ba, yana cin jini yana hana ɗa girma. Tsutsar ciki ma haka. A auna jininki, a ba ki ƙwayoyi ukun nan na rigakafin zazzaɓi da ake sha a gabansu tun daga wata na huɗu, wata ɗaya tsakanin sha da sha, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ki kwana cikin sange. Kuma in ke ce mai daka da ɗibar ruwa da wanki duka a gidan, to Hajiya da ta ga ramar ita ta fi kowa iya sa a rage miki.

Daga Tibiri, wani magidanci: "Mahaifiyata ta hana matata cin ƙwai, ta kuma ce ta rage abinci da cikin ya tsufa don kada yaro ya yi girma a yi mata tiyata. Ni ina sayo ƙwai, ana ba yara. Wa ke da gaskiya?"

Malam, tsoron Inna ba na banza ba ne. Mutanen zamaninta sun ga matan da suka kwana biyu suna naƙuda, sun ga waɗanda suka tashi da yoyon fitsari, cutar da har aka buɗe mata cibiya ta musamman a Danja, nan kusa da mu, a 2012. Wanda ya ga haka dole ya nemi dabara. Sai dai dabarar rage abinci ba ta kai inda ake so. Abin da ke sa haihuwa ta tsaya yawanci ƙugu ne da bai buɗe sosai ba, sau da yawa ga yarinyar da ba ta gama girma ba ko wadda ta tashi cikin rashin abinci, ko kuma kwanciyar ɗa da ba daidai ba. Yunwa ba ta faɗaɗa ƙugu, ba ta juya ɗa. Abin da take yi shi ne ta aika mace ɗakin haihuwa ba ƙarfi ba jini, ta yadda zubar jinin da wata za ta jure ita sai ya kayar da ita. Jaririn da aka haifa ƙasa da kilo 2.5 kuwa shi ya fi saurin kamuwa da sanyi da cuta, shi ya fi wuyar kama nono.

Akwai abin da zai taimaka maka wajen yi wa Inna bayani. Cikin kilo 12 da mace ke ƙarawa, ɗan kansa uku ne zuwa uku da rabi. Sauran na mabiyiya ne, da ruwan da ɗa ke kwance ciki, da mahaifar da ta girma, da mama, da jinin da ya ƙaru fiye da lita ɗaya, da ɗan kitsen da jiki ke ajiyewa don shayarwa. Yaran da ke wuce kilo 4 sukarin jinin uwa na cikin abubuwan da ke kumbura su, ƙwai ba ya cikin masu laifi. A dafa shi sosai har ƙwanduwa ta daskare, ta ci ɗaya ko biyu a rana.

Kada ka mai da abin gardama tsakaninka da mahaifiyarka, ba za ka yi nasara ba, matarka ce kuma za ta sha zafin. Ka roƙi Inna ta raka surukarta awo na gaba, ta ji daga bakin ungozoma, ta kuma yi tambayarta kan girman yaro. In akwai hali a yi hoton ciki, kuɗin da ya fi amfani ke nan, don shi zai nuna yadda ɗan ya kwanta. Sannan a tsai da shawara tun yanzu cewa a likita za ta haihu, a tanadi abin hawa.

Daga Ali Ɗan Sofo: "Ni mai jiki ce, kilo 92, tsawo mita 1.62, ciki wata huɗu. Ina tsoron in ƙara. Na ga ana tallar shayin rage tumbi a WhatsApp, an ce na ganye ne zalla. In saya?"

A'a, Hajiya. Irin waɗannan shayin yawancinsu zawo da fitsari suke sa wa, abin da ke fita ruwa ne, kuma ba ki da hanyar sanin abin da aka zuba ciki. Kalmar ganye ba shaida ba ce, filasko ma ganye ne. Lokacin ciki ba na rage ƙiba ba ne, ko da azumin kai ko da tsallake abinci. Lissafinki ya kai 35, duk wadda ta kai 30 kuwa kilo 5 zuwa 9 ake so ta ƙara a duk tsawon cikin, kusan giram 200 a mako daga yanzu. Wadda ke tsakanin 25 da 29.9 tana da kilo 7 zuwa 11.5.

Inda za ki rage shi ne abin sha. Lemun kwalba, malt da ake kawo wa mai ciki a matsayin gata, zoɓo da kunun aya da aka cika wa sukari, shayi da madarar ruwa mai zaƙi, nan ƙibar banza take shigowa ba ki ji kin ƙoshi ba. Malt ba ya ƙara jini, duk da abin da ake faɗa. Ki rage fanke da soye-soye, ki ƙara miyar ganye da wake da kifi, tuwon ya zama madaidaici. Ki taka da ƙafa kamar minti 30 da sanyin safiya ko bayan la'asar, sai in likita ya hana. Kuɗin shayin ki ajiye su don gwajin sukari tsakanin mako na 24 da na 28, ko kafin nan ma in akwai masu ciwon sukari a danginku, kuma kada ki bari a tashi awo ba a gwada miki tansiyo ba.

Daga Madarunfa: "In sayi sikeli in ajiye a gida?"

Ba dole ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, in kina zuwa, sikelin can ya isa, kuma gara a riƙa aunawa a kan sikeli guda ana rubutawa a karne, wato littafin awo. Mai hawa kullum da safe damuwa kawai take saya. In dai kuɗin na nan, na'urar awon tansiyo ta fi shi amfani, za ta yi wa tsofaffin gidan aiki bayan kin haihu.

Amma ki riƙe wannan, ke da duk mai karantawa: ƙiba ta farat ɗaya bayan mako na 20, kilo biyu ko fiye cikin mako guda, fuska da hannuwa sun kumbura, zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai ko gani dishi-dishi ko zafi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan ba ƙoshi ba ne. Alamar hawan jinin masu ciki ce, mai kai wa ga jijjiga. Tansiyo 140 bisa 90 ko sama, a tafi likita a ranar, ko da dare ne.

Daga Gidan Rumji: "Ƙwayar ƙarin jini na sa ni tashin zuciya, bayan gida ya yi baƙi, na daina sha. Yanzu farar ƙasa nake kwaɗayi da ƙanƙara, kullum sai na saya."

Ƴar'uwa, baƙin bayan gida ba cuta ba ne, ƙarfen da jiki bai ɗauka ba ne ke fita. Kwaɗayin ƙasa da ƙanƙara kuwa sau da yawa shi kansa alamar ƙarancin ƙarfe ne a jini, farar ƙasar kuma tana riƙe ɗan ƙarfen da ke cikin abinci ta hana shi shiga jiki, tana cika ciki ta tare wurin tuwo, tana sa bayan gida tauri. Ki koma ga ƙwayar, ɗaya a rana, amma ki mai da ita dare bayan kin ci abinci, tashin zuciyar zai ragu. Kada ki haɗa ta da shayi ko madara, ki bar aƙalla awa ɗaya ko biyu tsakani, lemun tsami ko na zaƙi ko gwaiba kuwa suna taimaka mata shiga jiki. In duk da haka ta ƙi zama, ki kai wa ungozoma kukanki ta canza miki wata ko ta sauya yadda za ki sha, ki kuma ce a auna jinin tun a wannan zuwan.