Guzuri, rakiya da tsaraba: amsar Baffa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce tafiyar Kaduna zuwa Abuja ce kawai a jirgin ƙasa, wadda ba ta kai awa uku ba, amma innarka ta kwana tana dakan dambun nama, rabin gidan suka bi ka har tashar Rigasa, maƙwabta suka ɗora maka saƙonni, da ka dawo kuma yara suka tare ka a zaure suna neman tsaraba. Kana tambaya ko addini ne ya ce a yi haka, ko kuwa al'ada ce da za a iya ajiyewa.

Wani sashe addini ne. Matafiyi ya yi sallama da mutanensa, su yi masa addu'a, su ba wa Allah ajiyar addininsa da amanarsa da ƙarshen ayyukansa, wannan sunna ce. Riƙon guzuri ma ya zo a cikin Suratul Baƙara, a ayoyin aikin Hajji. Amma yawan abin da ka gani da irin sigarsa, hanya ce ta koya mana, kuma hanyar da ta koya wa tsaranmu ita ce layin dogo.

Kakanninmu fatake ne. Ayari ya tashi daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Gana ta yanzu, neman goro, madugu a gaba, jakuna a baya, a yi watanni ana yada zango. Wanda zai yi irin wannan tafiya sai ya biya bashinsa, ya yafi kowa, kowa ya yafe shi, don ba a san ko zai dawo ba. Da jirgi ya iso Kano a 1911, ta layin da aka ja daga Baro a bakin Kwara, watanni suka koma kwanaki, amma zuciyar mutane ba ta saki tsohon tsoron ba. Kuma gaskiya jirgin bai ba su dalilin saki ba.

Ka sani, a filin kaya na reluwe a Kano na fara neman na kaina, bayan samun 'yanci, ina akawun sikeli a wurin wani attajirin gyaɗa. A lokacin injinan dizal sun fara shigowa, amma masu kwal suna nan da ƙarfinsu. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. Kan jirgin nan baƙi wuluk, yana huci yana tsartar tururi ta gefe, mai zuba kwal tsirara daga ƙugu zuwa sama, zufa ta yi masa layi-layi a jiki, yana ɗiba da shebur yana watsawa a wuta. In suka zo shan ruwa sai a juyo wani ƙaton bututu a saman tankin, ruwa ya yi ta kwarara har ya tumbatsa, yara suna jira a ƙasa da gwangwanaye. Duk wanda ya shiga jirgi da farar riga a Kano, kafin a kai Zariya rigar ta zama ruwan toka. In ka leƙa taga kuwa, ɓurɓushin kwal ya faɗa maka ido, ka yini kana murza. Shi ya sa manya suke shiga da tsohuwar riga, ta kirki tana naɗe cikin adaka sai an kusa sauka.

Turawa auduga suka sa wa rai da suka ja layin nan, manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka cika tasha da ita tun daga 1912. Dalar gyaɗar da kuke gani a hotuna ba don ado aka yi ta ba. Taragu ne suka yi kaɗan, gyaɗa ta fi ƙarfin jirgi, dole aka tara buhuna ana jiran layi, a lulluɓe da tamfol in damina ta kawo kai. Sunan Alhassan Ɗantata, wanda shi ma da fataucin goro ya fara, a nan ya cika gari. Na ga 'yan dako suna hawa dala da buhu a ka, ƙafa ba takalmi, suna waƙa, helma yana tsaye a ƙasa yana kirari. In an samu tarago sai filin ya rikice: mu muna ja layi a takarda duk buhun da ya wuce, wani yana rubuta inda kayan za su da alli a jikin taragon, a rufe ƙofa a buga hatimi. Gefe guda shanu ne ake turawa cikin nasu taragon za a kai Ikko, masu rakiyarsu da sanda da gora da ɗan ƙullin gari. Daga Kurmi kuma, wato kudu, huhunan goro suke saukowa, a jiƙe, ana yayyafa musu ruwa kada su bushe.

Na yi nisa, amma da dalili. Layin ɗaya ne tal, jirgin fasinja da na gyaɗa da na shanu duk a kansa suke. In biyu za su haɗu, dole ɗaya ya raɓe a wata ƙaramar tasha a tsakiyar daji ya jira ɗan'uwansa ya wuce. Jiran nan yana iya zama rabin awa, yana iya zama rabin yini. Kano zuwa Ikko ta haura kilomita 1,100, kwana biyu ce in an yi sa'a, in ba a yi ba uku. To, mace mai goyo a tashar da ba kasuwa ba rijiya, me za ta ba yara? Ka ga inda guzuri ya samo girmansa. Kuma ka lura da irin abin da ake zaɓa: dambun nama, kilishi, ƙuli-ƙuli, dakuwa, alkaki, gari da sukari, duk abin da zafi ba ya lalatawa. Buta da tabarma ba a barinsu, don in jirgi ya tsaya lokacin salla sai a sauka a yi ƙasaru a gefen layi, kunne yana wajen usur.

Ba a kuma cin guzuri a ɓoye. Kana kwance ƙullinka za ka ce wa na kusa da kai bismilla, ko Bayarabe ne ko Inyamuri ko Banufe, shi ma ya miƙo maka nasa. Mai ɓoye hannu cikin jaka yana tauna shi kaɗai, kafin a kai Minna duk taragon sun san shi. Innarka ta zuba maka da yawa ne don rabonka da na maƙwabcin kujerarka.

Rakiya ma tana da aikinta. Ba wanda ya san sa'ar da jirgi zai iso, sai a tafi tasha da wuri, wani lokaci a kwana a can. In ya iso, wurin zama a ƙaramin aji sai mai ƙarfi. Saurayi ɗaya ya kutsa ya kama benci, sauran su miƙa kaya ta taga, har yara ta taga ake miƙa su. Tsoho ko mace ba za su iya wannan su kaɗai ba. Saƙo kuwa, ba waya a hannun kowa, ba kowa ke hulɗa da banki ba. Wanda zai hau jirgi zuwa Gusau ko Kaura Namoda ko Nguru shi ne gidan wayar unguwa. A ba shi wasiƙar ajami, a ba shi kuɗi a ƙulle a tsumma, ba shaida ba rasit, kuma ya kai.

Tsaraba ita ce ladan waɗanda suka yi maka wannan wahala. Ana saye ne a tashoshi ta taga: kwakwa da lemo da ayaba daga ƙasar Yarbawa, busasshen kifi a Jebba wajen gadar Kwara, doya a yankin Minna, sai burodi wanda a lokacin ba kowane gari ake samunsa ba. A raba gida-gida, ko ɗan yanki ne, kowa ya san ka sauka lafiya.

Dalar gyaɗa ta ƙare a shekarun 1970, fari da cutar gyaɗa da kuɗin man fetur suka haɗu suka cinye ta, tirela ta ƙwace kayan jirgi, injinan kwal aka jingine su suka yi tsatsa. Saboda haka ba zan ce maka komai sai an riƙe shi yadda yake ba. Guzurin kwana uku a tafiyar awa biyu ya yi yawa, amma kada ka ce wa innarka ba ka so. Ka karɓa, ka roƙe ta ta rage, ka ci da na kusa da kai. 'Yan rakiya mutum ɗaya ko biyu sun isa, ka sallami sauran a ƙofar gida. Saƙo ka karɓa daga wanda ka sani, kuma a buɗe a gabanka ka ga abin da ke ciki, don zamani ya canza, wannan ba rashin kunya ba ne. Tsarabar yara ba ta wuce burodi da alewa, ba za ta karya ka ba.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa. Na ji an ce wancan karon sai da ka isa Abuja ka bugo wa mahaifinka waya cewa ka tafi. Kada ka sake. Ka shiga ɗakinsa tun da dare, ka durƙusa, ka faɗi inda za ka da ranar dawowa, ya sa maka albarka, sannan ka je wurin innarka. In kakarku tana gidan, da ita za ka fara.

Ka gai da mutanen gida duka.

Baffanka