Ka ce ba a karanta ka? Wa ya ƙirga maka?

Saƙonka ya iso, ɗana. Ka ce ka fara sakin labarinka a intanet, kullum sai ka sa sabon shafi, amma shiru kake ji kamar an aiki bawa garinsu. 'Yan tsirarun da ke leƙawa rabinsu 'yan gidanku ne, gwiwarka ta yi sanyi, kana tambaya yaya mutum zai yi ya ci gaba. Irin wannan tambayar ba kasafai nake amsa ta ba, don yawancin masu yin ta lallashi suke nema, ni kuwa ban iya ba. Abin da ya zaunar da ni shi ne layin ƙarshe na saƙon, inda ka ce wani mai babban zauren WhatsApp ya ce ka tura masa labarin gaba ɗaya, zai tallata maka. Da na zo nan sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

Bari ka ji yadda aka taɓa tallata ni.

Tun daga gasar rubuta littattafan Hausa da aka yi a Zariya a 1933, marubucin Hausa ya saba hukuma ko kamfani ne ke buga masa littafi. Mu da muka taso daga baya sai muka tarar ƙofar nan a rufe. Shirin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo a 1986, naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin dab'i suka tattara hankalinsu kan littattafan makaranta. Mai labari a ka, in yana so a karanta shi, sai dai ya buga da kuɗinsa. Da biro na rubuta nawa a littattafan rubutu na 'yan makaranta, na kai aka buga min a tafireta, aka yi fim ɗin dab'i, aka fitar da farantan da ake ɗaura wa inji, na biya mai zanen bango, na sayi takarda rim-rim. Babur ɗina ya tafi a wannan hidimar. Uwargida ta ɗauki adashinta ta miƙo min ba tare da na tambaya ba, kuma wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin ɗaci a maƙogwaro.

A lokacin tsarin ɗaya ne. Ka kai wa dillalin littattafai a Kano bashi, shi ya rarraba wa 'yan sari na Kaduna da Gusau da Katsina da sauran garuruwa, in an sayar ya biya ka. Kada ka ce wauta muka yi, kowa haka yake yi, babu wata hanya. Nawa dillalin wani Alhaji ne mai sanyin murya, kullum carbi a hannu, in ka shiga shagonsa sai ya aika a kawo maka lemo. Shi ya haɗa ni da maɗaba'ar da aka yi aikin, shi kuma ya ce a bar farantan a can kada su lalace a hannuna, tunda gidana ɗakin ƙasa ne.

Littafin ya fito, kashi na ɗaya. Na tsayar da labarin daidai inda mai karatu zai ji kamar ya fasa ihu, na rubuta "mu haɗu a littafi na biyu", na sa adireshina a shafin ƙarshe kamar yadda kowa ke yi. Na koma gida ina jiran wasiƙu. 'Yan kaɗan suka zo a farko, sai suka ɗauke. In na je wajen Alhaji sai ya girgiza kai, ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin benci, ya hure ƙurar da ke kansa a gabana, ya ce, "Malam, kasuwa ba ta karɓe shi ba. Ga su nan jibge. Allah bai kawo lokacinka ba." Sai ya ciro 'yan canji ya ba ni kuɗin mota. Haka ya riƙa gutsura min kuɗina har na gaji da zuwa, ko rabin abin da na zuba bai dawo ba.

Na yarda da shi, don me zai hana? Ga kwali na gani da idona. Na ce ashe ban iya ba. Kashi na biyu, wanda na riga na ci rabinsa, na jefa shi cikin adaka na rufe, na koma koyarwa a firamare. In abokai suka taru suna zancen littafi sai in tashi in ba su wuri. Wannan sanyin gwiwar da kake ba ni labari, ni na kwana da shi shekaru, ba makonni ba.

Biki ne ya kai ni Maraɗi. Na ratsa kasuwa ina neman tsaraba, sai na ga wata rumfar masu ba da hayar littafi, an jera su a igiya da maƙalen shanya, 'yan mata na tsaye suna zaɓa. Idona ya faɗa kan wani bango da na sani, sai dai launin ya kauce, ja ya koma kamar ruwan goro. Na ciro. Sunana ne, labarina ne, amma takardar ba farar da na saya ba ce, takardar jarida ce mai araha, duk ta sha hannu har gefenta ya yi baƙi, an ɗaure tsakiya da zare don sitefula ta fita. Na buɗe wani shafi da na sani. Ranar da ake bugun farko wani yaron maɗaba'a ya karce faranti da ƙusa, siririn layi ya ratsa rubutun ta gefe, na yi faɗa a kai har aka ba ni haƙuri. Ga layin nan a wurinsa. Da farantaina ake bugawa. Na juya shafin ƙarshe, an cire adireshina an sa na shagon Alhaji.

Ban gama farfaɗowa ba mai rumfar ya ce, in ina so akwai na biyu da na uku. Ya miƙo min. Wani aka ɗauka haya ya ƙarasa min labarina, da sunana a bango. Yarinyar da na yi wata da watanni ina ginawa, mai kunya da kaifin hankali, sun mai da ita mai zagin uwar miji a tsakar gida, suka kuma kashe ta da haɗarin mota don marubucin hayar ya rasa yadda zai yi da ita. Mai rumfar na ta yabon littafin, yana cewa na ɗaya ya fi daɗi, ba a san abin da ya sami marubucin ba daga baya ya lalace. Ina tsaye ina saurarensa.

Da na dawo Kano na tunkari Alhaji da littattafan a hannu. Ko gezau. Cewa ya yi, "Ai suna na yi maka, Malam. Da ba don ni ba wa ya san ka a Nijar?" Aka tara dattawan kasuwa, aka yi ta "a yi haƙuri", "a duba zumunci", "mai haƙuri yakan dafa dutse". Ba ni da takardar yarjejeniya, ba ni da rasit na farantai, mai maɗaba'a ya rantse bai san zancen ba. Dokar haƙƙin mallaka tana nan tun 1988, amma malamin firamare da kuɗin lauya? Aka ba ni abin da bai sayi tayar babur ba, aka shafa fatiha. Daga baya wani yaron shagonsa da suka ɓata ya same ni ya ce wasiƙun masu karatu buhu guda suka yi a bayan kanta, duk suna roƙon na biyu, har da masu sako hotonsu. Da suka tare wuri sai aka ba mai ƙosai tana ƙunshi da su. Alhajin ya rasu tuntuni. An ce in yafe. Ina nan ina duba lamarin.

To ka ga mutumin da aka ce ba a karanta shi. Ana karanta ni har ƙetaren iyaka, ni kuma ina gida ina zargin alƙalamina, don wanda ke riƙe da lissafin shi ke da riba in na karaya. Kai yanzu lambar da waya ke nuna maka ka ɗauka ita ce gaskiya. Mai karatun Hausa ba mai surutu ba ne. Yawancinsu mata ne, da dare suke karantawa bayan an kwantar da yara, wata ma da wayar aro, wata an kwafo an turo mata daga zaure na uku da ba ka san da shi ba. Ba za ta danna komai ba, ba za ta ce maka sannu ba. Da yawa kuma ba sa taɓa labari sai sun ji an kammala shi, don an sha barin su a tsakiyar hanya. Marubutan zamaninku ne suka koya musu haka: a fara labari da zafi, a kai shafi na ashirin, a ga ba a yi tafi ba, a watsar a fara wani. Wa zai zuba zuciyarsa a labarin da bai san ko zai ga ƙarshensa ba?

Don haka ka gama labarin, ko da kai kaɗai ne da mahaifiyarka ke karantawa. Kuma ka daina wannan sakin kullum. Wa ya aike ka? Wanda ke rubutawa da safe ya saki da yamma ba ya da lokacin duba abin da ya rubuta, ranar da zazzaɓi ya kama shi ko aka ɗauke wuta kuma shi ke nan zare ya tsinke. Ka tara babi da yawa a ajiye kafin ka saki ɗaya, ka tsayar da ranaku biyu a mako, a san ka da su. Bayan ka saki ka kashe data ka je ka yi abin da zai ciyar da kai. Wannan leƙe-leƙen wayar, kowane minti biyar a ga ko lamba ta motsa, shi ke cinye ku, ba rashin masu karatu ba.

Yadda ake ƙulla labari da yadda ake buɗe babi ba zan tsaya a kansu ba, wanda bai san wannan ba me ya kawo shi sana'ar. Ƙa'idojin rubutu ma haka. Sai dai na ga a saƙonka ka rubuta "kasa" inda kake nufin ƙasa, ka haɗe "ya ce" ka mai da ita kalma ɗaya, kuma cikin layi huɗu ka zuba min Turanci sau shida. Mu da tafiretar da ba ta da ƙugiya, da biro muke bi muna lanƙwasa wa kowace ɗ da ƙ kai, shafi bayan shafi. Ku an sa muku su a cikin waya, danna harafi ka ɗan riƙe kawai, amma kun ƙi. Kuma duk jaruminku sai ya zama ɗan hamshaƙi mai jirgin sama wanda ya yi karatu a Ingila, alhali marubucin bai taɓa wuce Zariya ba. Ka rubuta layinku. Ka rubuta mai shayin bakin titinku da bashin da ake binsa. Wannan ba wanda zai iya kwafo shi daga fassarar fim ɗin Indiya.

Ku kuna kukan ba a kula ku. A 2007 tara littattafai aka yi a Kano aka cinna musu wuta da sunan gyaran tarbiyya, aka yi ta kiran marubuta masu ɓata 'ya'yan mutane a rediyo da kan mumbari. Waɗanda suka ga wannan ba su ajiye biro ba. Ku ba kuɗin takarda, ba kuɗin faranti, ba dillali tsakaninku da mai karatu, amma wata uku sun yi muku yawa, kuna son a fara turo muku katin waya da kuɗi ta banki tun labarin bai yi haƙora ba. Kuɗi na zuwa, na ga yaran da ke ci da wannan sana'ar, amma a littafi na uku ko na huɗu, bayan an san in sun fara suna gamawa. Matan da ke cin gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, tambaye su shekara nawa suka yi suna rubutun da ba wanda ya ce musu uffan.

Mai zauren nan kuwa, kada ka kuskura. Ban san shi ba, wataƙila mutumin kirki ne, Alhaji ma carbi gare shi. In ka tura masa duka, gobe za ka tarar da labarinka an cire sunanka ana sayarwa a wani zauren kuɗi, ko wata murya na karanta shi a YouTube ana tara talla a kai, in ka yi magana a ce suna aka yi maka. In da gaske tallata ka zai yi, babi biyu ko uku sun ishe shi, sauran a zo wajenka. Ka saƙa sunanka a cikin rubutun kansa, a tsakiyar babi, ba a sama kaɗai ba inda yanke shi ba wuya. Kowane babi ka fara aika wa kanka ta imel kafin kowa ya gani, don kwanan wata ya zauna. Duk wanda zai karanta maka a murya ko ya buga maka, a rubuta sharaɗi, nawa, zuwa yaushe, a sa hannu gaban shaidu biyu. In ya ce haba, ba ka yarda da ni ba ne, ka ce masa e. An sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka a 2023, ta ma taɓo abin da ake sawa a intanet, amma doka ba ta yi wa wanda ba shi da shaida aiki.

Ka turo min babi uku na farko bayan sallar Juma'a, da ƙugiyoyinsu cif. In na ga "kasa" a wurin ƙasa ko sau ɗaya zan mayar maka ban ƙarasa ba. Kuma a rubuce, kada ka turo min saƙon murya, ba na saurare.