Me ya sa zanen alƙaluma ba ya bin sababbin lambobi?

Tambaya: Ina shigar da alƙaluman ciniki a manhajar lissafi ta Excel kowane wata, amma da na ƙara sabo sai layin zanen ya haura sama ya ɓace, wani lokaci ma sabon watan ba ya fitowa sam. Ina mafita?

Amsa: Malam, matsaloli biyu ne suka haɗu maka. Ta farko ta shafi ma'aunin da ke tsaye a gefen zanen. Excel yakan zaɓi iyakar ƙasa da ta sama da kansa, amma da zarar an rubuta lamba da hannu, a ce 500, ma'aunin ya kafe a nan ke nan, kuma duk adadin da ya zarce, kamar 620, ba zai samu gurbi ba. Ka danna ma'aunin sau biyu domin buɗe Format Axis, sannan ka danna Reset a gefen kowace iyaka, manhajar za ta koma lissafa su da kanta.

Ta biyu kuwa, zanen yana karanta gidajen da aka nuna masa tun farko ne kawai. Ka mayar da alƙaluman tebur ta hanyar danna maɓallan Ctrl da T tare (Ctrl+T), duk layin alƙaluma da ka ƙara a ƙasa zai shiga zanen.

Sai dai idan zane biyu kake kwatantawa gefe da gefe, na fi son ka ba su tsayayyiyar iyaka iri ɗaya, domin ma'auni mai sauya kansa yana iya sa ɗan ƙaramin ƙari ya yi kama da gagarumin ci gaba. Zanen sanduna kuma ya riƙa farawa daga sifili.