Amsa ga mai neman na'urar GPS ta hannu don jirgi da kamun kifi

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tun jiya na ga tambayarka. Ka ce ka sayi ƙaramin jirgi mai inji kana fita kamun kifi, har sau biyu duhu ya riske ka a tsakiyar ruwa ka rasa ta inda gaɓa take, shi ne kake tambayar wace na'urar GPS ta hannu za ka saya, ko kuwa wayarka ma ta ishe ka. Na bari ne sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Shekarata 11 ina yawo da irin waɗannan na'urori a kan ruwa. Ta uku ce a hannuna yanzu, ta farkon kuwa tana can ƙarƙashin ruwa tare da kifaye.

Da ita zan fara, don a kanta na sha wuyar da ta fi kowacce. A jikin kwalinta an rubuta cewa ruwa ba ya shigarta, ga kuma alamar IPX7, ni kuwa na ɗauka magana ta ƙare. Ashe abin da alamar ke nufi shi ne na'urar za ta jure zama a ruwa mai zurfin mita 1 na tsawon minti 30 ba ta sha ruwa ba. Babu inda aka ce za ta taso sama. Ranar da abin ya faru, na sunkuya ne zan cire ƙugiya daga bakin wani kifi da ke ta dukan gefen jirgi, ita kuma tana aljihun gaban rigata. Sai ji na yi tsundum. Ina kallonta tana sauka, fuskarta a kunne, har ta ɓace mini. Wurin ya fi mita 10 zurfi. Wallahi asarar na'urar ba ta ci mini rai ba kamar asarar abin da ke cikinta: alamun wurare na shekara huɗu, kowane rami da kifi ke kwanciya, kowane kututture da ya taɓa yaga mini taru, ban kwafe ko ɗaya ba. Laifina ne, ban ɗaura mata igiya ba.

Saboda haka tambayar farko da za ka yi wa mai sayarwa ita ce: in ta faɗa ruwa tana tasowa? A cikin na kamfanin Garmin, GPS 73 da jerin GPSMAP 78 da 79 da 86 duk don ruwa aka ƙera su, kuma suna iyo. Jerin eTrex kuwa na masu tafiyar ƙasa ne. Ƙanana ne, ba su da nauyi, suna jure ruwa, amma ba sa iyo. In irin wannan ta zo hannunka ba laifi, sai dai ka ɗaura mata wani abu mai tasowa. Ko mai iyon ce ma ka sa mata igiya ka maƙala a wuya ko a jikin jirgi, don da dare ko a ruwa mai gudu, abin da ya taso ma tafiya yake yi.

Sai batir. Nan ra'ayina a tsaye yake: na fi son mai cin batir AA guda biyu a kan mai batir a manne da sai an yi mata caji. GPSMAP 79 tana kai wajen awa 19 da AA biyu, wasu eTrex wajen awa 25. Mai batir a manne kamar GPSMAP 86 ta fi su daɗewa a caji ɗaya, gaskiya ne, amma ranar da ta mutu a tsakiyar ruwa sai ka nemo waya da abin caji, ka buɗe murfin robar nan da ke tare ruwa, ga feshi yana zubo muku. Mai AA kuwa, ka ciro biyu daga leda ka sauya, cikin minti ɗaya ka koma aiki. Abu biyu da mutane ke mantawa: a cikin saitin na'urar akwai inda za ka gaya mata irin batirin da ka sa, in ba haka ba ma'aunin zai riƙa yi maka ƙarya, sannan in za ka ajiye ta na makonni ka cire batiran, don suna yoyo su cinye ƙarafan ciki. Hasken fuska shi ke shan wuta, da rana ka rage shi ƙasa.

Kada ka sayi wadda sai an shafa fuskarta. Hannun masunci a jiƙe yake, da yauƙin kifi, wani lokacin da safar hannu. Ɗigon ruwa ɗaya kan sa fuskar ta ɗauka ka taɓa ta. Nemi mai maɓallai da za ka danna ka ji ya dannu ko ba ka duba ba. Kuma kafin ka biya, ka fita da ita cikin rana tsaka ka duba. Ta kirki, rana na ƙara haske tana ƙara fitowa ras, saɓanin waya da sai ka yi mata inuwa da tafin hannu.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, wato taswira. Masu sayarwa a nan suke cin kasuwarsu, su nuna maka fuska mai launi da layukan zurfi, ka ji ai wannan ce. In a teku kake ko bakin teku, inda hukumomi suka auna zurfi suka sa fitilu da alamun hanya, taswirar ruwa irin BlueChart tana da amfani sosai, kuma ina ba ka shawarar ka nemi mai ɗauke da ta yankinka, don kowace taswira da iyakar yankin da ta ƙunsa. Amma in kogi ne ko tafki, sau da yawa abin da za ka gani shuɗin fili ne kawai, ba zurfi ba duwatsu. Ko da akwai, kogi ba ya zama yadda aka zana shi. Tudun yashin bana ba nan yake ba baɗi, ruwa ya ja dutse ya fito, ruwa ya cika ya rufe shi. Taswirar da za ta cece ka ita ce wadda ka haɗa da hannunka. Ranar farko, kafin ka tayar da inji, ka sa alama a inda kake ɗaure jirgi. Ka bar na'urar a kunne tana ɗaukar sawunka duk inda ka bi. Ka fita da rana, ruwa a kwance, ka bi hanyar da ka tabbata lafiyayya ce, ka adana wannan sawun da suna. Ranar da hazo ko duhu ya rufe ka, shi za ka biyo ka dawo, lanƙwasa bayan lanƙwasa.

Na ce sawu ne da gangan. In ka zaɓi alamar gida ka ce na'ura ta kai ka, miƙaƙƙen layi za ta ja maka daga inda kake zuwa can, ba ruwanta da tsibiri ko dutsen da ke tsakani. Na taɓa bin kibiyar nan ido rufe da asuba, sai jin ƙasan jirgi na yi yana gurzar yashi. Allah ya sa a hankali nake tafiya.

Alamun kuma ka ba su sunan da za ka gane bayan shekara. Na'urar da kanta 001, 002 take sawa, bayan wata uku ba ka san wanne ne ramin kifi wanne ne kututture ba. Ni nakan bambanta zanen alamar haɗari da ta wurin kamu, in rubuta watan da na sa alamar a jikin sunan, don wurin da ya ba ka kifi lokacin cikar ruwa ba lallai ya ba ka lokacin janyewarsa ba. Duk ƙarshen wata in haɗa ta da kwamfuta in kwafe fayil ɗin GPX, wato wanda ke ɗauke da alamu da sawu. Manyan wurare goma kuwa a littafi suke da biro. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Tunda na ambaci rubuta lambobi, ga wani tarko. Hanyar rubuta lambar wuri ba ɗaya ba ce: akwai digiri da ɗigo, akwai digiri da minti da ɗigo, akwai digiri da minti da sakan. Minti da sakan a nan na awon wuri ne, ba na lokaci ba: minti ɗaya daga kudu zuwa arewa mil ɗin teku ɗaya ne, wato mita 1,852. To, in abokinka ya ba ka minti 30.50, kai kuma ka shigar da shi a matsayin minti 30 da sakan 50, ka kauce da sakan 20, sama da mita 600 ke nan. Ka wuni kana jifa a inda ba kowa, kana zargin ya ɓoye maka wuri. Ku daidaita tsarin rubutu ɗaya, kuma a cikin saitin na'urar ku bar ma'aunin taswira a kan wanda ake kira WGS 84.

Batun wacce ta fi daidai, kada ya ɗauke maka hankali. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna shawagi a nisan wajen kilomita 20,200, na'urarka na buƙatar ganin aƙalla huɗu, kuma a kan ruwa sama a buɗe take. Tun watan Mayu na 2000 da aka daina rage wa farar hula ingancin siginar da gangan, ko ƙaramar na'ura tana kai ka cikin 'yan mitoci kaɗan. Sababbin suna haɗawa da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai, wannan ya fi amfani a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin duwatsu. Na'urar ba ta buƙatar layin waya, ba ta buƙatar intanet, ba a biyan kuɗin wata. Amma ka sani karɓa kawai take yi, ba ta gaya wa kowa inda kake, sai irin GPSMAP 86i mai aika saƙo ta taurarin kamfanin Iridium, ita kuma sai ka yi rajista kana biyan kuɗi. Haka nan ba ta ganin kifi, ba ta auna zurfi. Wannan aikin wata na'ura ce daban.

Kamfas na ciki, wato mai nuna gabas da yamma, yana da daɗi ga mai su. Wadda ba ta da shi sai kana tafiya take gane inda ka dosa, da ka tsaya kibiyar ta fara rawa. Akwai kuma maɓallin MOB, wanda in mutum ya faɗa ruwa za ka danna ta riƙe wurin nan take ta juyo da kai. Ka koya wa duk wanda ke jirgin inda yake. Ƙararrawar anka, wato ƙarfen da ake jefawa ruwa ya riƙe jirgi, ita ma nakan kunna ta in zan ɗan rintsa, da jirgi ya ja ta tashe ni.

Waya fa? Tana aiki, ni ma ina da taswira a tawa. Amma ita ce abin kiran taimakonka, bai kamata ka ƙarar da cajinta wajen neman hanya ba. Ka sa ta a jakar da ruwa ba ya shiga, ta zama ta biyu.

Da ni ne kai, in a kogi ko tafki nake, GPS 73 ta ishe ni, fuskarta ba launi amma tana yin duk abin da na lissafa na alama da sawu. In teku ne, sai in ƙara in ɗauki 79 mai karɓar taswira. In ruwan gishiri kake shiga, kullum ka dawo ka ɗauraye ta da ruwan daɗi, murfin robar a rufe, ka bar ta ta bushe a inuwa. Ka gaya mana wane irin ruwa kake shiga da awa nawa kake yi a fita ɗaya, sai in faɗa maka batir nawa za ka riƙa tafiya da su.