Kwantena ba wurin ajiya ba ce

Ƙanena na ga saƙonka, ka ce ka tada Postgres, manhajar ajiye bayanai, a kwantena, wato keɓaɓɓen akwatin da manhaja ke gudu a ciki, saboda Quay ɗin da za mu sa wa kwastoman nan na Ikeja, rumbun ajiye imej, wato kunshin da ake tada kwantena da shi, ka goge kwantenar ka sake tadawa sai ka tarar yuza da repo duk sun ɓace, wai ko Quay ne ya lalace. Lafiyar Quay ƙalau, kai ne ka bar jakarka cikin danfo ka sauka a Oshodi.

Su imej ɗin kansu fa ba a Postgres suke ba, suna can a ma'ajiyarsu daban, abin da Postgres ke riƙewa shi ne repo kaza na wane ne, tag kaza ina ya nufa, wa ke da izinin turawa wa ke da na ɗauka kawai, to in wannan ya tafi ga kaya jibge a faifai amma babu wanda ya san mai su.

Don bayanan su zauna a wajen kwantenar, ka buɗe folda a kan sabar, ka ɗaura ta da -v zuwa /var/lib/pgsql/data tunda imej ɗin Red Hat muke amfani da shi, na Docker Hub hanyarsa daban ce kar ka kwafo ido rufe. Postgres ɗin nan da yuza mai lamba 26 yake gudu, sai ka ba shi izinin foldar da setfacl, ka ƙara :Z a ƙarshe saboda SELinux, tsarin tsaron Linux, in ba haka ba kwantenar za ta tashi ta mutu nan take kana ta zargin janareto. Ni wuni guda wannan :Z ɗin ya taɓa ci min, har la'asar ban ci abinci ba.

Da ta tashi ka shiga da psql ka buga CREATE EXTENSION pg_trgm a cikin database ɗin Quay, Quay ba ya aiki sai da shi. Quay yana son Redis ma, wata manhajar ajiye bayanai, amma wannan minti biyu ne.

Kar ka sa latest a tag ɗin imej ɗin Postgres, rubuta lambar bashan (version) ɗin, don Postgres 15 ba zai karanta foldar 13 haka kawai ba. Fot 5432, ƙofar shiga Postgres, kuma kar ya leƙa intanet.

Sannan ka riƙa kwafe bayanan da pg_dump kullum da dare zuwa wata na'urar, ka san yadda ake ɗauke wuta a layin nan, inbatarsu kuma batirinta ya gaji. Gobe kafin ka taso daga Agege ka goge kwantenar da gangan ka sake tadawa, in yuza ɗinka na nan ka kira ni.