Ƙarfafa allurar rigakafin DNA ta ciwon hanta nau'in B

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa wannan allura take tasiri a jikin ɓeraye amma ƙarfinta ya ragu a jikin mutum. Matsalar ita ce DNA, wato sinadarin gado da allurar ke ɗauke da shi, kaɗan ne ke kutsawa cikin ƙwayoyin tsoka. Shi ya sa masu bincike kan jona wa wurin da aka yi allurar wata wutar lantarki ta ɗan lokaci, wadda ke buɗe ƙananan kafofi a jikin ƙwayoyin, ko su haɗa da sinadarin IL-12 mai ƙarfafa aikin ƙwayoyin garkuwar jiki, ko su biyo da wata allura mai furotin domin zaburar da garkuwar jiki. Har yanzu dai gwaji ake yi, don haka kada mai ɗauke da cutar ya ajiye tenofovir, wato maganin da ake sha don danne ƙwayar cutar, saboda wannan labari, domin dainawa kwatsam kan tayar da kumburin hanta. Wannan hukunci na likitan hanta ne.